Kwabo, Sule da Fam a Garejin Sylvanus

Sylvanus Bakut ɗan Kafanchan ne. Mahaifinsa mai gyaran kan jirgin ƙasa ne a zamanin da jirgi yake zuwa a kan lokaci. Ya iso Greensboro a ƙarshen shekarun 1990 da bizar nan ta ƙuri'a, shi da matarsa Celina, 'yarsu Treasure tana goye. Da farko ya yi aiki a wata masana'antar saƙa safa. Da aka rufe ta, ya sami aikin da ya daɗe a kai: yana tuƙa wata farar mota yana kai tulunan iskar oksijin gidajen marasa lafiya, yawancinsu tsofaffi masu zama su kaɗai. Mai kula da su a wurin aiki ya sha yi masa magana a kan jinkiri, domin Sylvanus ba ya iya ajiye tulu ya juya. Sai ya tambayi mai gida yadda ya kwana, ya ɗauko masa jarida daga bakin ƙofa, ya duba ko akwai ruwa kusa da gado. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya ɗaga murya. In ana gardama yakan yi shiru yana kallon hannun mutane.

A coci muka san juna, a ɗakin da aka ara mana muna yin sujada da Hausa bayan Turawa sun tashi. Gidansa na haya yana bayan wuraren sayar da motoci na High Point Road, wadda yanzu suka sake wa suna Gate City Boulevard. Gidan ƙarami ne, amma yana da gareji, kuma motar Celina ba ta taɓa kwana a cikinsa ba.

Wajen shekara ta 2004 wani wasan karta da ake kira poka ya cika talabijin a ƙasar nan. Kowace tasha ka buɗe, ga mutane sun sa baƙin tabarau suna tura tarin 'yan faya-fayai masu launi zuwa tsakiyar tebur. Waɗannan faya-fayan su ake kira cips. Su ke tsayawa a madadin kuɗi: ka ba mai gida kuɗinka, ya ba ka cips, in an tashi kowa ya mayar ya karɓi abin da ya rage masa. Bayan Kirsimeti, da farashin kaya ya karye, Sylvanus ya sayo akwatin ƙarfe mai cips ɗari biyar, launi biyar: fari, ja, shuɗi, kore da baƙi. Babu lamba a jikin ko ɗaya. Mai gida ne zai faɗi darajar kowane launi.

Ni ban taɓa sa kuɗina a karta ba. A makarantar Mishan da na yi, yaron da aka kama da kati yakan wuni da langalanga a filin ƙwallo, kuma abin da aka dasa wa mutum yana ɗan shekara goma ba ya fita. Amma na yarda in zama mai raba kati, domin hannuna bai fara rawa ba a lokacin, kuma sun ce ba su yarda da junansu ba. Dokokin gidan Celina ce ta kafa su. Ana farawa bayan abincin rana ran Asabar, ana tashi ƙarfe shida saboda sujadar gobe. Kowa dala goma zai sa, ba ƙari. Wanda ya fi kowa ci shi zai sayi naman akuyan farfesun Asabar mai zuwa a shagon Alhaji Boukari, mutumin Nijar da ke kan titin. Da wannan doka ta ƙarshe, mai nasara yakan fita da asara. Alhaji Boukari yana auna naman yana cewa, "Ni dai ban ga komai ba, ban ji komai ba. Akuyar halal ce, abin da ya biya ta ku da Allah. D'accord?" Wato kun yarda, da Faransancinsu.

Masu wasan su biyar ne, amma uku kawai ya kamata mai karatu ya riƙe ban da Sylvanus. Fredrick mai haɗa magunguna ne a wani babban kanti, mutumin Jos, mai yawan dariya da son a ƙara kuɗi. Gregory yana lodin kaya a filin jirgin sama, shi ne ƙarami, kuma ba a fi shi ladabi ba. Sai Baba Nicodemus.

Baba Nicodemus mutumin Kwoi ne, tsohon malamin gona, ya kusa tamanin a lokacin. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Jimmai, wadda take aikin jinya, ta ɗauko shi ya zauna da ita a Pleasant Garden. Wanda bai san wurin ba zai ce an kai shi aljanna: gida a tsakiyar fili, itatuwa, ciyawa shar. Amma babu mai tafiya da ƙafa a can. Maƙwabci yana ɗaga maka hannu ne daga cikin mota. Jimmai da mijinta suna fita da safe, jikoki suna dawowa daga makaranta su amsa masa da Turanci su haye sama. Mutumin da a gida ba ya iya kaiwa kasuwa sai ya tsaya gaisuwa a kowace ƙofa, ga shi yana wuni yana kallon kurege. Ba ya tuƙi. Ban da sujadar Lahadi, inda ake gaisawa a tsaye a watse, garejin Sylvanus ne kaɗai wurin da yake zama cikin maza ya yi hira da Hausa har ya gaji. Sylvanus ne ke zuwa ɗaukarsa, ya mayar da shi.

A ranar farko Fredrick ne ya yanka wa launukan daraja, kuma ya ga tunda launi biyar aka saya, sai a yi amfani da duka biyar. Fari sent biyar, ja sent goma, shuɗi kwata, wato sent ashirin da biyar, kore dala ɗaya, baƙi dala biyar. Kuɗin buɗe kowane hannu, wato kowane zagayen kati, sent biyar da sent goma ne. Gregory aka sa ya raba. Ya tara wa kansa da sauran 'yan wasa farare da jajaye da shuɗɗa, tsibi guda a gaban kowa. Da ya zo kan Baba, sai ya tsaya. A wurinmu ba a miƙa wa dattijo tarkacen canji. In za ka ba babba kuɗi, sabuwar takarda kake nema, ka ninke, ka miƙa da hannu biyu. Gregory ya ɗauko baƙi ɗaya da koraye biyar, ya goge su a rigarsa, ya rusuna ya ajiye a gaban Baba. Dala goma cif. Kowa ya ga daidai ne. Baba ya sa masa albarka.

Da wasa ya zagayo kan Baba, sent goma ake bukata ya bi. Ba shi da ja, ba shi da fari. Ya ɗauki kore ya ajiye a tsakiya. Gregory ya fara ƙirga masa sent casa'in daga tsibin tsakiya, Baba ya ɗaga hannu.

"Bari, ɗana. Abin da na ajiye na ajiye."

"Baba, canjinka ne."

"Ni na ɗauki faifan baiko a coci tun kafin a haife ka. Ban taɓa ganin wanda ya saka ya ce a ba shi canji ba."

Aka yi dariya, aka ci gaba. Mun ɗauka wasa yake yi. Amma haka ya yi a hannu na biyu da na uku. Duk inda wasu suka sa sent goma, shi dala yake sawa. Kuma bakinsa ba zai iya ce wa yaro sa'an ɗansa "fasa mini wannan" ba. Kafin farfesu ya huce, korayensa sun ƙare. Ya zauna da baƙin nan guda yana juya shi a yatsu, yana ajiye kati hannu bayan hannu, har ya sami wanda yake ganin mai kyau ne, ya tura shi. Fredrick ya cinye. Sauran yinin Baba ya yi shi a zaune, hannu a kan sanda, yana kallo.

Haka aka yi ta yi Asabar bayan Asabar. Ya fi kowa saurin fita, kullum. Da farko yana ba'a da kansa. Daga baya ya daina. Wanda ba ya cikin wasa, hira ma takan wuce shi, domin ana magana ne a kan katin da ke ƙasa. Yakan fara labarin wata gonar citta, sai wani ya ce "na ƙara kwata," labarin ya mutu a nan. Fredrick, cikin ƙauna, yakan ce, "Baba, kai ne bankin duniya, kullum kana ba ƙasashe matalauta tallafi." Baba ya yi murmushi, amma ba ya ramawa, shi da bakinsa yake da kaifi.

Wata Asabar Sylvanus ya je Pleasant Garden ya dawo shi kaɗai. Ya ce Baba ya ce mura yake yi. Asabar ta gaba ma haka. Ran Lahadi Jimmai ta tare mu a wurin ajiye motoci na coci.

"Baban Treasure, me ya faru a gidanku? Baba ya ce in gaya maka kada ka ƙara wahalar da man motarka."

"Wani ya ɓata masa rai ne?"

"A'a. Cewa ya yi kansa ya tsufa. Wai yara suna riƙe lissafin wasa, shi ba ya iyawa. Har ya ce in kai shi a yi masa test ɗin nan na mantuwa." Sai ta ƙara da cewa, "Jiya ko wanka bai yi ba sai da yamma. Da can tun safe yake guge rigarsa yana jiranka."

Sylvanus ya ce, "To, Anti, na ji." Amma na san shi. A aikinsa ya ga abin da ke biyo baya in tsoho ya daina guge riga.

Ran Talata da ya tashi aiki ya biyo ta gidana ya ce in zo in raba masa kati. Na tarar ya jera kujeru biyar babu kowa a kansu, ya zuba cips a gaban kowace kamar yadda Gregory yake rabawa. Na raba, shi kuma yana zagayawa yana buga wa kowace kujera. A kujerar Baba yana yin abin da Baba yake yi, ba ya karɓar canji. Celina ta leƙo da tsintsiya.

"Malam, ka ga abin da aure ya zama? Mijina yana caca da kujeru."

"Kujerun ma suna cinye ni," in ji Sylvanus.

Da muka yi hannu da dama, ya tsaya ya nuna kujerar Baba, wadda ta riga ta zama fanko. "Malam, ka gani? Katinsa ba su fi na kowa muni ba. Har ya ci sau biyu. Amma kowace ƙofa yana biyan kuɗin shiga ninki goma. Ko wanda ke talabijin aka ba shi cips shida ya zauna a nan, haka zai ƙare. Ba kansa ba ne. Ladabinmu ne ya cinye shi."

Na ce to a gaya masa ya riƙa karɓar canji.

"Wa zai gaya masa? Kai?"

Na ce ba ni ba.

"Ko ya yarda ma, kowane hannu sai ya ji kunya sau ɗaya. Mutum ba zai bar gidansa ya zo jin kunya ba. Sai dai a gyara abin yadda ba zai taɓa bukatar canji ba."

Sauran makon a kan wannan ya ƙare. Ni na ɗauka abu ne mai sauƙi, a ba kowa ƙanana da yawa. Ya gwada, sai tebur ya cika da farare, ana ɓata lokaci wajen ƙirga, tsibi yana rushewa cikin kwanon farfesu. Ya gwada manya da yawa, matsalar Baba ta koma kan kowa. A hankali ya gane wasu abubuwa, kuma yana faɗa mini su kamar mai ba da labarin hanya. Mafi ƙanƙanta dole ya yi daidai da ƙaramin kuɗin buɗe wasa, wato sent biyar. Na sent goma ba shi da aiki, tunda farare biyu suna yin abin da yake yi. Yana nan ne kawai yana rikita ido. Kowane launi ya ninka na ƙasa da shi sau huɗu ko biyar, ba sau biyu ba. Na dala biyar kuwa ba shi da wurin zama a teburin da kowa dala goma ya kawo, domin rabin dukiyar mutum ke nan a dunƙule guda. Kuma wanda ya fi yin aiki shi ne na kwata, don haka shi ya kamata ya yi kauri a hannun kowa.

Ya tsaya a kan launi uku. Fari sent biyar, guda ashirin. Ja kwata, guda goma sha shida. Shuɗi dala ɗaya, guda biyar. Dala goma ke nan, iri ɗaya ga kowa, babba da yaro. Kore da baƙi ya zuba su a gwangwanin madara ya ɗora a kan kanta.

Fredrick bai so ba da ya ji. Ya kira Sylvanus a waya ina zaune.

"Baban Treasure, ka mayar da mu 'yan firamare. Ni da nake shirin cewa a kai buy-in, kuɗin shiga wasa, dala hamsin, kai kana kwashe manyan cips?"

"Doctor, kai kana da inda za ka je ka yi wasan dala hamsin. Motarka tana da mai."

"Ban da doctor, magani nake ƙirgawa. To baƙaƙen nan fa? Kuɗi ka sa ka saye su."

"Treasure tana gina gida da su."

Fredrick ya yi dariya har muna ji daga nesa. Da Sylvanus ya gaya masa abin da Jimmai ta ce, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ni nake kiransa bankin duniya." Sylvanus ya ce dukanmu muka yi dariya, ba shi kaɗai ba. Fredrick ya ce a yi yadda ya ga dama, kuma naman wannan makon a kansa.

Gregory ne ya fi wuya. Ya ce shi hannunsa ba zai iya tura wa Baba tsibin farare ba, ko an ce ya yi. Sylvanus ya ce ba wanda zai tura wa kowa komai. Celina tana da ƙananan kwanonin sha guda shida iri ɗaya, na tasa, da ta zo da su daga gida. Za a zuba rabon kowa a kwano tun kafin mutane su iso, a jera a kan tire. Girman dattijo shi ne a fara kai masa tiren ya zaɓa. Gregory ya yi tunani ya ce wannan zai iya.

Saura dawo da Baba. Ran Jumma'a da yamma Sylvanus ya ɗauke ni muka tafi Pleasant Garden da akwatin a bayan mota. Mun same shi a baranda ta baya cikin rigar sanyi, ko da yake ana zafi. Muka gaisa, muka tambayi mura, ya ce da sauƙi. Sylvanus ya durƙusa a gefen kujerarsa, ya buɗe akwatin a ƙasa.

"Baba, mun yi maka laifi, na zo in faɗa."

"Wane laifi? Ku kuka sa mini tsufa?"

"Mun tura ka kasuwa da takardar fam, muka hana ka kwabo. Kowa yana sayen gishiri da kwabo, kai kana biyan fam kana tafiya."

Ya zuba cips shida a gefe ɗaya, irin rabon da ake ba Baba, ya zuba tsibin Gregory a ɗaya gefen, ya nuna masa hannu bayan hannu yadda shidan suke ƙarewa. Bai yi sauri ba. Baba ya sunkuyo yana kallo, haɓarsa a kan sanda. Da aka gama ya ɗago kai.

"Sake yi," ya ce.

Sylvanus ya sake.

"Wato ko katina sun yi kyau..."

"Ko sun yi kyau, Baba."

"Amma da na karɓi canjin da ba haka ba."

"Da ba haka ba. Amma ba za ka karɓa ba, mu ma ba ma so ka fara yanzu."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sylvanus ya nuna masa sabon tsarin, launi uku, ya ce abu ɗaya ya rage: mutane suna mance wanne ne wanne, tunda an saba da na da. Ko Baba zai sa musu suna? Baba ya ɗauki fari ya juya shi.

"Wannan kwabo ne. Ba shi da huda a tsakiya, amma kwabo ne." Ya ɗauki ja. "Sule." Ya ɗauki shuɗi. "Wannan fam. Lissafin bai yi daidai da na Ingila ba, Malam zai ce sule kwabo goma sha biyu ne."

Na ce haka ne, sha biyu ne, amma zan haƙura.

"Da albashina na farko," in ji Baba, "fam bakwai da sule goma, na sayi keke rabi, na biya sauran a wata uku." Daga nan ya shiga labarin keken, da yadda ya faɗa rafi da shi a hanyar Nok da buhun irin citta a baya. Muka saurara har Jimmai ta dawo daga aiki. Da za mu tafi bai ce zai zo ba. Cewa ya yi, "Gobe in ka ga dama ka biyo. In na ji ƙarfi."

Ran Asabar ya shigo garejin da farar riga mai karin guga. Gregory ya kawo tiren ya rusuna. Baba ya dubi kwanonin ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen doya, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗauki na gefe.

"Duk ɗaya ne, Baba," in ji Fredrick.

"Kai ka sani. Wannan ya fi nauyi."

Ya jera kwabbansa biyar biyar, sulallansa huɗu huɗu. Da wasa ya zo kansa ya ajiye kwabo biyu, ya dubi Fredrick. "Bankin duniya ya rufe. Kowa ya nemi na kansa."

Akwai abin da Sylvanus bai gaya wa kowa ba sai da muka gan shi yana yi. Komai kyan rabo, kwabban mutum suna iya ƙarewa in wasa ya yi nisa. Don haka lokaci lokaci, ina cikin gauraya kati, sai ya tashi da kwano na shida cike da farare da jajaye, ya zagaya teburin. Ba ya tambayar kowa. Ya tsaya a kan Fredrick ya ɗauke tarin kwabban da suka yi masa yawa ya ajiye masa sule. Ya tsaya a kan Gregory ya fasa masa fam. In ya zo kan Baba ya yi daidai abin da ya yi wa saura, yana ci gaba da hirarsa. Wani lokaci yakan canza wa wanda ba ya bukata, don kada a ga inda ya nufa. Saboda wannan zagaye yakan rasa hankalinsa a kan katinsa, kuma ranar shi ya fara fita. Bai damu ba. Ya ja kujera ya riƙe kwanon.

Baba bai ci ba. Ba gwani ba ne, kuma ba ya iya ɓoye murna: in kati ya yi masa kyau sai ya fara rera waƙar coci a maƙogwaro, kowa ya ajiye nasa. Gregory ya roƙe shi ya daina, Baba ya ce ba shi ke yi ba, Ruhu ne. Amma ya ga hannu da yawa da kwabo biyu biyu, ya ja da baya inda ya kamata, ya cinye Fredrick sau ɗaya da kati marasa kyau ƙwarai, abin da aka daɗe ana maimaitawa. Ya ƙarasa labarin gonar cittar da ya daɗe yana farawa, domin yanzu in ya tsaya magana da kati a hannunsa, dole a jira shi. Da Celina ta buga ƙofa ƙarfe shida, yana nan a zaune da fam uku da 'yan sulalla a gabansa.

Na raka su a mota zuwa Pleasant Garden. Baba yana gaba, da muka bar gari muka shiga hanyar itatuwa sai ya yi kira.

"Sylvanus."

"Na'am, Baba."

"Ka gaya wa Jimmai ta bar maganar asibitin nan. Ni in na faɗa za ta ce taurin kai ne."

"Zan gaya mata."

Da muka tsaya a ƙofar gida ya daɗe yana neman yadda zai fito. Sylvanus ya zagayo ya kama masa hannu. Baba ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu, ya yi tsaki.

"Kujerar nan taka ta roba ba ta mutane ba ce. A da ban lura ba, don ba na daɗewa a kanta ina wasa. Yau bayana kamar an yi mini duka. Asabar ka nemo mini mai hannu, ka sa matashi. Kuma ka zo da wuri, ba na son ina isowa ana zuba farfesu."

Sylvanus ya ce to. Ya tsaya har Baba ya shiga ya rufe ƙofa, sannan ya dawo mota ya tambaye ni ko na san inda ake sayar da kujera mai hannu da araha.